Kafson kolin na masu ciki da na saya a Adum: ra'ayina tsakani da Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu juna biyu da masu goyo na nan Kumasi. Maganar kafson nan na kolin da ake ta yayatawa a status da TikTok nake so in yi, don na saya da kuɗina, na sha tun cikina na wata huɗu har na sauka lafiya, yanzu ma ina jego da ragowar kwalba ta biyu a ɗaki. In kina sauri ga amsar a gajarce: kayan ba na jabu bane, shagon da na saya sun yi min mu'amala mai kyau, amma lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwalbar ba ita ce ke shiga jikinki ba, kuma in dai cikinki na karɓar ƙwai to kiret ɗin kasuwa ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Ba zan kira sunan kamfanin ko na shagon ba, bana son a ce talla nake ko ɓatanci, kuma abin da zan faɗa ya shafi kusan duk irinsu da na ɗaga na duba a kan kanta.

Dalilin da ya kai ni ga saye shi ne laulayi. Cikin nan ya zo min da ƙin ƙwai, ko maƙota ne ke soyawa sai na toshe hanci na bar tsakar gida, nama ma sai a hankali, abin da ke zama a cikina koko ne da ƙosai ɗaya ko biyu sai tuwo da miyar ayoyo da daddare. Ni kuwa malamar makaranta ce, kimiyya nake koyarwa a JHS, wato ƙaramar sakandare, na san abin da ake cewa game da kolin da ƙwaƙwalwar jariri, hankalina ya kasa kwanciya.

Bari in yi wa wadda bata taɓa jin sunan ba bayani. Kolin sinadarin abinci ne, a jikin kwalba za ki ga an rubuta Choline. Jiki na amfani da shi wajen gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi zuwa tsoka da cikin ƙwaƙwalwa, shi ke taimaka wa hanta ta fitar da kitse kada ya taru mata, kuma suna aiki kafaɗa da kafaɗa da folik asid ɗin da ake bamu a awo. Hantarmu na ƙera kaɗan da kanta, lokacin ciki ma tana ƙara himma saboda sinadarin mata na estrojin da ke hauhawa, amma duk da haka baya isa sai an haɗa da abinci, domin jaririn da ke ciki ja yake ta mabiyiya ba ƙaƙƙautawa. Sai a shekarar 1998 ne cibiyar harkar lafiya ta Amurka ta sa shi a jerin abubuwan da dole a samu daga abinci, ta ce mace ta samu miligiram 425 a rana, mai ciki 450, mai shayarwa 550. Hukumar kula da abinci ta Turai a 2016 ta ce mai ciki 480, mai shayarwa 520. Ki riƙe lambar nan 450, duk lissafin da zan yi a kanta yake.

Abin da ya fara bani mamaki shi ne da na ɗauko kwalbar bitamin na masu ciki da ƙanwar maigida ta kawo min, mai tsadar nan da hoton mace riƙe da ciki, na karanta bayanta daga sama har ƙasa, babu kolin ko ɗigo. Da na je shagon na sa aka sauko min da wasu, yawancinsu babu, wanda ke da shi ɗan kaɗan ne da bai kai na rabin ƙwai ba. Mai haɗa maganin, wani matashi mai haƙuri, ya ce min Madam ba mugunta bace, kolin kaya ne mai cin wuri, in aka ce a zuba 450 cikin ƙwaya ɗaya tare da ayon na ƙarin jini da kalsiyam da sauransu to ƙwayar zata yi girman da ba mai iya haɗiyewa. Ya yi gaskiya. Ko a Amurka sai da ƙungiyar likitocinsu ta fito a 2017 ta ce ya kamata a riƙa sa kolin isasshe a bitamin ɗin masu ciki, kuma a can ɗin ma da abinci ya wadata, tara cikin goma na masu ciki basa kai adadin.

Toh shagon. Yana Adum, in kin sauka daga trotro a Kejetia da ƙafa ma za ki ƙarasa amma da ciki a zafin rana ban baki shawara ba, hawan nan da cunkoson masu talla sai ya sa numfashi ya ɗauke. Ciki tsaf, akwai sanyin AC wanda ga magani abu ne mai muhimmanci ba ado ba, akwai benci, suna ganin cikina wata daga cikin ma'aikatan ta ce in zauna ta karɓi katina na awo ta miƙa ciki. Wannan ne abin da ya fi burge ni, kafin su sayar min sai da mai haɗa maganin ya buɗe littafin awo ya ga magungunan da nake sha, ya tambaye ni ko ina da hawan jini ko jinina na yawan sauka, ya ce kuma in nuna wa nas kwalbar ranar awo na gaba. Ya juya min gindin kwalbar ya nuna min ranar lalacewa, ya nuna min lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana. Suna karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Inda suka gaza: layi, mutum ɗaya ne ke da ilimin amsa tambaya sauran masu miƙo kaya ne, in yana tare da wani sai ki zauna ki jira har ƙafa ta kumbura. Kuma babu farashi a jikin kaya, sai an kai kan kwamfuta za ki ji kuɗin, ni kuwa bana son haka, mace ta san abin da zata biya kafin ta kai gaban mutane ta fara lalube a jaka. Da na koma sayen ta biyu kuɗin ya ƙaru, suka ce dala ce.

Yanzu ga inda nake so kowa ta buɗe ido. A gaban kwalbar an rubuta 500 mg da manyan baƙaƙe, na ji daɗi na ce shikenan ƙwaya ɗaya ta wuce 450 har da canji. Shi mai maganin ne ya ce in juya baya. A can cikin ƙananan rubutu aka sa choline bitartrate 500 mg, wato kolin ne haɗe da wani gishiri da ke riƙe shi ya zama gari, kuma a wannan haɗin kolin ɗin kansa kashi 41 cikin ɗari ne kawai na nauyin. Kinga kenan kowace ƙwaya kusan miligiram 205 take baki, ko rabin abin da ake buƙata a rana bata kai ba. Ba ƙarya suka rubuta ba amma wallahi dabara ce, mace nawa ce zata tsaya tana wannan lissafin a tsaye da ciki a shagon magani? Wasu kamfanonin na da adalci, suna rubuta ainihin kolin ɗin a fili, irinsu ya kamata ki nema. Akwai kuma wanda ake sayarwa da sunan lesitin, shi nasa kolin ɗin ma ya fi wannan ƙanƙanta sosai.

Sai na zauna da biro. Kwalba ƙwaya 60 ce, sau 205, ya kama wajen miligiram 12,300. Babban ƙwai guda ɗaya na da kusan 147, kusan dukansa a gwaiduwa yake, farin babu abin kirki ta wannan fannin. In kin raba za ki ga kwalbar gaba ɗaya daidai take da ƙwai 84, wato kiret uku ba kaɗan tunda kiret 30 ne. Na biya sama da sidi 300 a kwalbar, kiret uku kuwa a lokacin wajen Hajiyar da nake saye a Aboabo, mai sauke kaya daga Dormaa, ko 200 basu kai ba. Kuma ƙwai ba kolin kaɗai zai baki ba, ga abincin gina jiki, ga bitamin B12, ga ƙoshi, kafso kuwa kin haɗiya kin sha ruwa yunwarki na nan inda take.

Shan sa fa? Kafson babba ne, fari, sai da ruwa mai yawa yake wucewa. Satin farko babu wari, amma da aka yi ta buɗewa ana rufewa a damshin nan na Kumasi sai ya fara ƙarni kamar an ajiye busasshen kifin amane a jaka, wasu ƙwayoyin har suka fara mannewa da juna. Kolin na jan laima, don haka kar ki jefar da ɗan ƙullin nan mai tsotse laima da ke cikin kwalbar, kar ki ajiye a kicin ko banɗaki, ki rufe gam da zarar kin ɗauka. Da na sha da safe ciki ba komai ya tayar min da zuciya har na yi kumallo, da na mayar da shi tsakiyar cin tuwon dare sai ya zauna lafiya. Ban ji wani ƙarfi ya ƙaru ba, ban ji wani canji a jikina ba, kuma dama ba a sa ran a ji, duk mai ce miki daga sha zaki ji garau cikin kwana uku kasuwancinta take. Wata abokiyar aikina da ta ga kwalbar ta ce ai sai ta riƙa shan huɗu huɗu don yaro ya yi ƙwaƙwalwa, na ce mata a'a, iyakar da aka sa wa babba miligiram 3,500 ne a rana haɗe da na abinci, kuma yawansa na kawo ƙarnin kifi a jiki da zufa da yawan yawu da amai, yana kuma saukar da jini. Babu dalilin kusantar wannan iyakar.

Maganar jini kuma, wannan ita ce ta fi ci min rai. Akwai wasu masu yawo da na'ura a cikin zango, kwamfuta ce da wani ɗan ƙarfe da za ki riƙe a tafin hannu, minti ɗaya sai ga takarda mai launi launi wai an gano duk abin da ya yi ƙaranci a jikinki. Sun zo gidan suna a layinmu, na ga da idona, mata sun yi layi kowa na biyan kuɗin gwaji, wata yarinya mai cikin fari ta riƙe ƙarfen hannunta na rawa, mutumin ya kalli allo ya girgiza kai ya ce kolin ɗinki ya yi ƙasa sosai, ƙwaƙwalwar yaron na cikin haɗari, nan take ya zaro kwalba daga jaka. Yarinyar idonta ya ciko da hawaye tana ƙirga kuɗin da ta zo da shi na gudummawa. Dan Allah ku ji ni da kyau, ƙarfen da aka riƙe a hannu baya auna komai a jini. Sai da na ja ta gefe na lallashe ta ta mayar da kuɗinta jaka.

Ko gwajin gaske na lab ma ba a yinsa a awo. Abin da ake duba mana shi ne yawan jini, rukunin jini, sikila, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwa, fitsari, zazzaɓin cizon sauro da makamantansu. Na tambayi nas ɗinmu ranar da na kai mata kwalbar, ta ce kolin baya ciki, ta tambaye ni me nake ci, wanda shi ne ainihin tambayar. Dalili kuwa jinin baya faɗin gaskiyar abin da kika ci. A jinin babban mutum kolin na tsakanin 7 zuwa 20 a lita a ma'aunin lab da ake kira maikoromol, yawanci wajen 10 in ba a ci abinci ba, kuma jiki na tsare wannan lambar da ƙarfi, in abinci ya gaza sai ya riƙa ɓanɓaro kolin daga bangon ƙwayoyin halittarsa yana zubawa a jini, har an ga ko mutum ya yi sati bai ci ba baya sauka ƙasa da rabi. Ga mai ciki ma lamarin ya fi rikitarwa, domin yayin da ciki ke tsufa kolin na jininta ƙaruwa yake, ba don ta ƙoshi ba, jikinta ne ke kwaso ajiyarsa yana turawa wajen yaro. Jinin cibiyar jariri ya ninka na uwarsa a kolin sau da dama, ruwan da yake kwance a ciki ma haka. Wato za a iya auna ki a ga lamba mai kyau alhali hantarki ce ke biyan bashin. Ni wannan abin na taɓa zuciyata, ikon Allah, uwa na bayarwa tun bata san tana bayarwa ba.

An yi wani ɗan bincike a Jamaika da aka buga a 2005, mata 16 masu ƙaramin ciki, aka lissafa abincinsu aka ga matsakaicin kolin da suke samu bai kai 300 ba a rana. Na kawo shi ne don da na lissafa nawa a kwanakin da nake cin abinci sosai ma kusan nan na faɗa. Duba abincinmu na zango: koko da ƙosai da safe, waakye (shinkafa da wake) da rana, tuwon zafi ko banku ko fufu da dare. Masara da shinkafa da rogo cika ciki suke amma kolin ɗinsu kaɗan ne. Wake rabin kofi bai kai 50 ba. Yankan nama ko kaza ko kifi mai girman tafin hannu wajen 70 ne, mu kuwa tsoka nawa ke faɗowa a kwanon mace bayan an zuba na maigida da na yara? Madara kofi ɗaya wajen 40, gyaɗa cikin hannu wajen 20 da ɗoriya. Waken suya na da kyau, rabin kofi na soyayye ya haura 100, don haka awara da madarar waken suya ba abin rainawa bane. Amma ƙwai biyu kaɗai sun baki kusan 294, ki ɗora sauran abincin yini a kai kin kai 450 ba tare da kin shiga shagon magani ba. Uku kuwa sun kusa cikewa su kaɗai. Ƙwan da mai waakye ke ɗora miki a kai, da kosua ne meko, wato dafaffen ƙwai da yaji, da 'yan mata ke yawo da shi a tire a bakin tasha, in dai ya dahu sosai har gwaiduwar ta yi tauri kuma da tsafta, wallahi ba ƙaramin abu bane. Ɗanyen ƙwai da ake fasawa cikin madara ko maltina wai ƙarin jini, wannan kam ki bar shi.

Hanta ita ce sarauniya a kolin, yanka mai giram 85 ta saniya ta haura 350. Sai dai tana ɗauke da bitamin A mai yawan gaske irin wanda in ya yi yawa yake cutar da halittar jariri musamman a watannin farko, a Ingila ma cewa ake masu ciki su bar ta gaba ɗaya. Don haka kar ki ce tunda na faɗi haka zaki tare wajen mai tsire kullum kina cin hanta. Bayan haihuwa ne lokacinta.

Dole in taɓo camfin nan, don shi ne babban abin da ke tsakaninmu da ƙwai ba kuɗi ba. Da laulayi ya sake ni wajen wata na shida na koma dafa biyu kullum da safe, surukata ta gani ta kira ni ɗaki ta ce ke 'yar nan, mai ciki bata cin ƙwai, yaro zai yi ƙato ki sha wuya wajen haihuwa, kuma mu a zamaninmu cewa ake yana sa yaro ɗauke-ɗauke. Ban yi mata musu ba, don tsoron da take ji na gaske ne, ta ga matan da suka tafi wajen haihuwa a lokacin da babu asibiti kusa. Na ce Mma, ki raka ni awo ki ji daga bakin nas. Ta shirya muka je, nas ɗin babbar mace ce mai furfura, ta gaishe ta da girmamawa ta ce mata Hajiya abin da ya fi sa yaro ya yi girman da ya wuce kima sikari ne da ya hau a jinin uwa, shi ya sa muke duba fitsarinta duk zuwa, ƙwai dafaffe kuwa ku bar ta ta ci. Mma bata ce komai ba a wajen. Bayan kwana biyu da kanta ta aiko yaro da ƙwan zabi a ƙwarya. Na faɗi wannan ne don na san da yawanku ba ku ke da iko da tukunya ba, kuma kafso a ɓoye cikin jaka ya fi sauƙi a kan gardama da manya, amma a ja su a jiki a kai su su ji da kunnensu ya fi ɗorewa, gobe ƙanwar mijinki ma zata amfana.

Shin da gaske yana ƙara wa yaro basira kamar yadda masu talla ke rantsuwa? A nan ina so mu yi adalci. Binciken da suke yawan ɗagawa na jami'ar Cornell ne ta Amurka da aka buga a 2018, mata 26 a watanni ukun ƙarshe na ciki, rabi aka basu miligiram 480 a rana rabi 930, jariran rukuni na biyu suka fi saurin kai ido ga hoto a gwajin da aka yi musu daga wata huɗu zuwa wata goma sha uku da haihuwa, da suka kai shekara bakwai aka sake gwada wasunsu aka ga sun fi iya tsayar da hankali a kan aiki. Abin farin ciki ne amma mata 26 ko ajina ɗaya basu cika ba. Akwai wani da aka yi a jihar North Carolina aka buga a 2012, mata sun fi haka yawa, aka ƙara musu 750 a rana daga tsakiyar ciki har bayan haihuwa, ba a ga bambanci a jariran ba, matan kuwa dama suna samun kolin daidai gwargwado a abincinsu. A Kalifoniya a 2004 an ga matan da suka fi cin kolin sun fi tsira daga haihuwar yaro mai buɗaɗɗiyar laka, amma wani binciken a Ailan bai ga wannan alaƙar a jini ba. Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne cike giɓi na da amfani, amma babu wanda zai sayar miki da ɗan da zai zo na ɗaya a aji a cikin kwalba. Ɗana kuwa alhamdulillah lafiyarsa ƙalau, kuma ba zan ce kafso ne ya yi ba, ba zan yi muku wannan ƙaryar ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wata da na ji tana cewa ta daina shan jajayen ƙwayoyin asibiti tunda ta sayi na waje mai tsada. Dan girman Allah kar ki yi haka. Ayon da folik asid da ake bamu a awo, da Fansida na zazzaɓi da ake sa mu haɗiye a gaban nas, su ne aka tabbatar suna ceton rai, kuma tun 2008 awo da haihuwa kyauta ne ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa in kin yi rajista. Folik asid miligiram 0.4 a rana shi ne kariyar da aka tabbatar ga lakar jariri, ita kuwa lakar tana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da da yawanmu bamu ma gane mun yi ɓatan wata ba, shi ya sa mai neman haihuwa tun kafin ciki ya kamata ta fara, ƙwan ma haka. Kolin ƙari ne a kan waɗannan, baya maye gurbin ko ɗaya. In kuɗinki na abu ɗaya ne, ki biya kuɗin mota ki je awo.

Wa zan ce ta saya kenan? Wadda laulayi ya hana ta ƙwai da nama da kifi kamar yadda ya yi min, wadda ƙwai ke sa mata ƙaiƙayi ko kumburi, wadda likita ya taƙaita mata wasu abinci. A watannin nan biyu da ko warin ƙwai bana so, kwalbar nan ta rage min damuwa ƙwarai, ƙwaya ɗaya 205 a kan ɗan abin da nake iya ci ta matso da ni kusa, kuma don wannan ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Da na koma cin ƙwai sai na mayar da shi na ranar da ban samu ba, ranar tafiya ko ranar da zuciya ta sake tashi, shi ya sa kwalba ta biyu ta kai har yanzu. In za ki saya, ki saya a shagon magani mai lasisi ba a hannun mai jaka ko mai status ba, ki juya baya ki nemi ainihin adadin kolin ɗin, ki duba lambar FDA da ranar lalacewa, ki kai wa nas ta gani. In maki zan bayar, shagon huɗu cikin biyar saboda layi da rashin farashi a jiki, kafson kuwa uku, ɗaya ya tafi a rubutun gaban kwalba ɗaya a tsada.

Masu jego kar ku ce an gama, buƙatar ma yanzu ta fi yawa, 550 ne a rana saboda nono na ɗauke da kolin mai yawa kuma daga jikinki yake fita. Kunun kanwa da tuwo da ruwan zafi duk muna sha, amma a sa ƙwai da kifi da nama a kwanon mai jego da gaske, yanzu ne kuma hantar da aka hana ki zata yi amfani jefi-jefi. Ni dai ragowar kafson in ya ƙare ba zan sake saye ba, na riga na yi magana da Hajiya mai ƙwai ta riƙa aiko min da kiret duk sati biyu, maigida ne ke biya ta MoMo, kuma na ce masa manya za a zaɓo don ƙananan nan basu kai 147 ɗin ba.